Mai Zobe a Ƙafa

Ni da na girma da gwangwani da igiya,
ina korar janbaki daga shinkafar Baba
har muryata ta dishe kafin azahar,
ban taɓa zaton zan sayi katin waya
don in tambayi lafiyar tsuntsu ba.

Laifin Ɗanjummai ne, ɗan ƙanwata.
Bara, da ruwa ya ja baya a Baturiya,
muka ɗago raga daga cikin kacala,
ba tarwaɗa, ba karfasa,
sai wani jan zalɓe, siriri kamar sandar makiyayi,
da zobe a ƙafa,
da ɗan akwati a gadon baya
wanda bai kai kwalin ashana ba.
Na ce, "Sammu ne, kada ka taɓa."
Ya ce, "Kawu, lamba ce."
Ya ɗauki hotonta, ni na kwance zaren,
zalɓe ya tashi, ko waiwaye babu.

Tun daga ranar wayarsa ta zame mini fadama ta biyu.
Sai mun hau tudun bayan makaranta,
inda sabis ke leƙowa kamar suruki mai kunya,
mu jira, mu ƙara jira,
sannan ɗigo ya fito a kan taswira.
"Ga shi, ya wuce Agadas."
"Da wane guzuri?"
"Ga shi ya gama da yashi, ga shi bisa teku."
Ni da Haɗeja ce iyakar ƙafata,
Kano sau biyu, duka biyun asibiti,
sai ga ni ina kwana a garuruwan
da harshena ya kasa ɗaukar sunansu.

Ranar da ɗigon ya ƙi fitowa,
don ya rage mini zulumi, sai ya nuna mini beyar,
wata ƙatuwa kamar an ɗinke buhun gawayi uku,
tsaye a tsakiyar kogi mai sanyi, can ƙarshen duniya,
baki a buɗe, kifi na faɗawa da kansa.
Ba gora, ba koma, ba mali,
ba bashin mai kwalekwale.
Na kalle ta har batir ya mutu.
Na ce, "Wannan ba su take yi ba,
haraji take karɓa."

Tabawa ta ce, "Ɗari na caji, ɗari biyu na kati,
a kan tsuntsun da ko miya ba ya yi.
Shamuwa da ke kawo mana damina
ba ta taɓa cin ko kwabonmu ba."
Na yi shiru. Me zan ce?
Tana tankaɗe, kuma tana da gaskiya.

Yanzu kaka ta shigo, baƙin ruwa sun fara sauka.
Shi kuwa ya juyo gida,
idan nan ne gidan, don ban san wanne yake kira gida ba,
ya shiga hamada, ya tsaya.
Yau kwana goma sha tara ɗigon na wuri ɗaya.
Ɗanjummai ya ce wataƙila akwatin ne ya faɗi.
Wataƙila.
Yaro ne mai tausayi, bai iya ƙarya ba tukuna.

Da asuba nakan tura kwalekwale ba tare da raga ba.
Kirinjijiya sun fi ƙarfin lissafi,
dinya bakwai, jinjimi a kan kututture,
gauraka biyu, inda a da sukan rufe tudu.
Duk zalɓen da na gani, ƙafarsa nake fara dubawa.

Jiya janbaki suka sauko wa shinkafata.
Na kaɗa gwangwani, shinkafa ai shinkafa ce.
Amma da suka tashi kamar hayaƙi
sai na tsaya da igiya a hannu,
ina bin su da ido har bayan giginyu,
ina tunanin inda za su kwana.