Waƙafi Mai Ruwa

Ƙarfe biyun dare a Gyallesu,
janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da baƙin allon Linuks
da ɗan farin layi mai ƙifta ido.

Na ce wa sabar: tashi.
Ta ce ba ni da izini.
A kwamfutar da na saya da gumina!
Na naɗa rawanin sudo, na sake magana,
ta miƙe, taku ɗaya, ta faɗi.

Ƙofofin Zazzau da yatsu ake ƙirga su,
wannan birni nasa sun haura dubu sittin,
ni ta tamanin kawai nake roƙo.
Na huda mata ganuwa. Shiru.

Da safe Tanimu mai kemis zai zo
ganin magungunansa a waya,
ga shi na cinye kafin alƙalami.

Sai na koma kundin kurakurai,
inda ya kamata in fara.
Layi na arba'in da ɗaya:
waƙafi mai ruwa na manta.
Ɗigo da wutsiya, shi ke nan.

Na sa. Shafi ya buɗe.
Ladan yana gyaran murya,
shayina ya huce, har da sauro a ciki.