Dangin Maɗaci

Habsu ta dawo makaranta da kaye a hammata,
ta tarar ina fafe turmi a bakin zaure,
ta ce, Baba, maɗaci da bedi gidansu ɗaya.

Na ajiye gizago.
Shekara arba'in ina sassaƙar maɗaci,
na san jan cikinsa kamar hantar rago,
na san ƙaron da yake zubarwa in gatari ya shige shi.
Bedi kuwa baƙo ne, jiya jiya aka kawo shi,
aka jera shi bakin hanya daga Zango har Birni,
yana zubar da 'ya'ya awaki na tattakewa.
Ina haɗin su?

Ta tsinko ganye biyu, ta shimfiɗa a gwiwata.
Duba, in ji ta, kowanne kara ne mai 'ya'ya jere.
Na maɗaci biyu-biyu suke tafe har ƙarshe,
bakinsu sumul, ba wanda aka bari shi kaɗai.
Na bedi haƙoran zarto gare su,
ga ɗan auta can bisa, ba abokin tafiya.
Na ce, to ai bambanci kika lissafa.
Ta ce, jira fure.

Muka jira,
har zafi ya fara gasa duwatsun Birni,
har 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka.
Ran wata Laraba ta zo da abu a tafin hannu,
fari, da kaɗan ya fi ƙwayar dawa,
ta ɗora masa gilashin da mushensu ya ara mata.
A tsakar furen na ga ɗan tulu,
mazan furen sun haɗa kafaɗa sun zama bango ɗaya.
Ta sauya da na bedi.
Tulun nan dai, sai dai wuyansa ya fi tsawo.

Nan masana tsiro ke duba asali, ta ce,
ba ruwansu da tsayi ko faɗin inuwa.
Sunan gidan Meliyase.
Shi kuma a littafi Kaya ake ce masa, na Sanigal.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Kaya? Na wa ya ɗauka?
In ƙaya ce, ba shi da ko ɗaya.
Iccen da kakana ke ɗaure jaki a gindinsa
yaushe ya je Sanigal bai yi mana sallama ba?
Ta ce can aka fara rubuta shi.
Ashe wanda ya riga ka alƙalami
shi ke raɗa wa ɗanka suna.

'Ya'yan ma ba su yi kama ba.
Ɗan maɗaci ƙwallon katako ne,
ya bushe, ya tsage gida huɗu,
ya saki iri masu fiffike iska ta kwashe.
Ɗan bedi ruwan ɗorawa, laushi gare shi,
jemagu ke shansa da dare.

Da ta yi barci na ɓanɓari ɓawo na tauna,
na bi shi da ganyen bedi.
Ɗacin ya sauka maƙogwaro ta hanya ɗaya,
irin wanda inna ke ɗura mana in zazzaɓi ya zo,
ni da Mutari, tana toshe mana hanci.
Harshena ya san zancen tun kafin littafi,
ni ne ban tambaye shi ba.

An ce zumunta a ƙafa take.
Su ba su da ƙafa, suka ɓoye tasu a fure.
Ni ina da biyu,
shekara tara ban taka ƙofar Mutari a Mirriya ba
kan gonar da yanzu ko kara ba ta yi.
Shi gajere, mai bakin zarto.
Ni dogo, ban iya fara magana ba.

Da asuba na ɗaure turmin a bayan kabu-kabu.
Habsu ta ce, wa ya saya?
Na ce, ba na sayarwa ba ne.