Gorar Jaswant

Lahore, alif ɗari tara da arba'in da shida.
Mu sha ɗaya ne a hoton,
ni ne na gefen dama, mai kunnuwa kamar faifai.

Asuba, ƙararrawar ɗakin kwana,
shayi mai zafi a kofin yumɓu,
mu kurɓa, mu fasa, mu ruga fili,
raɓa na jiƙa mana safa.

Jaswant ne ɗan gaba,
rawani shuɗi, naɗin gaggawa.
In ya ja ƙwallo da gora
sai ka ce zare ya ɗaura mata.
Da dare ni ke yi masa lissafi a gindin fitila,
da rana shi ke rufa min asiri in na yi ɓarna.

Ranar kofi mun ci biyu da ɗaya.
Tufail ya bar haƙorinsa a ciyawa,
ya yi ta dariya da jini a baki har tasha.

Damina ta zagayo, aka ja layi a taswira.
Jaswant ya miƙo min gorarsa:
"Riƙe min, mako biyu ne."

Bana na cika tamanin.
Har yau ina shafa mata mai,
kada ya dawo ya tarar ta tsage.