A Bangon Littafin Lissafi

Daren Lahadi, gobe za a koma.
Ruwan Satumba na dukan kwanon ɗakinmu a Rikkos,
an ɗauke wuta tun magariba.
Na haska waya, na buɗe bangon littafin lissafi,
na rubuta: Sagir Ɗanlami, aji shida.
Sai biron ya toge kamar jaki a bakin gada.

Lissafin dai zan fara da shi.
Talatin da takwas na ci wancan zango,
Malam Gyang ya zagaye ta da ja
har takardar ta huje.
Bana na daina ɓuya bayan ƙeyar Nanfa.
Zan koma benci na biyu, jikin tagar da gilashinta ya fashe,
inda iska ke hana mutum gyangyaɗi.
In ban gane ba zan ɗaga hannu
ko da aji zai kwashe da dariya.
Ba a buga dariya a takardar sakamako.

Na rubuta: tashi ƙarfe huɗu.
Na dube shi, ya dube ni.
Duk wanda ya taɓa ruwan buta da asubar Jos
ya san ƙarya nake.
Na soke, na sa biyar saura kwata.
Gara ɗan alkawarin da zai taka da ƙafarsa
da ƙaton da za a ɗauka a makara.

Asabar ta Baba ce.
Buhunan kabeji ba sa sauke kansu a Farin Gada.
Amma tsakanin mota da mota akwai zama,
kuma aljihun rigar sanyina na cin ƙaramin littafi.
Kuɗin rajista, Baba ya ce Allah zai kawo.
Na yarda.
Duk da haka ɗari biyu za ta riƙa faɗawa gwangwanin madara
duk mako,
don in arzikin ya zo ya tarar an share ƙofa.

An ce akwai wata makaranta can bayan gari,
ka biya, a zuba maka amsa a allo.
Ɗan ƙanen Baba ya je, ya dawo da takarda fes,
sai ga shi jiya ni na cike masa fom.
Abin da zan ci, in ci da hannuna,
ko da bai cika cokali ba.

Wannan kuma ban so rubutawa ba:
wayar da ke haska min shafin
ita ce ke sace min dare.
Bayan isha zan miƙa wa Inna
ta kulle a akwatinta.
Inna ba ta jin magiya, shi ya sa na zaɓe ta.

Zan nemi Ishaya mu shirya.
Tun rigimar ƙwallo a filin makaranta ba ma gaisawa,
ga wata tara kacal ya rage
kowa ya kama gabansa.

Akwai layi ɗaya da na rubuta sunan Zuwaira.
Na goge.
Har yanzu ana ganinsa in an karkata littafin.

Can ƙasa na bar fili: me zan zama?
Da fensir na cike shi, a hankali,
ina tuna famfon layinmu
da ya shekara uku yana tari ba ya kawo komai,
da ƙanwata Ramlatu ɗauke da jarka kafin ta tafi makaranta.
Injiniyan ruwa.
Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Inna ta leƙo da wandon makarantata a hannu,
ta warware kalmasar ƙafar, ta ƙara masa tsawo.
Ta ce, zai kai ka shekara ɗaya,
in ka lallaɓa shi.
Sannan ta miƙo tafinta.

Na ce ai dokar sai gobe za ta fara.
Ba ta janye hannun ba.