Akwatin Kawu Hambali

Kawu Hambali ya bar gida ɗaya a Gwammaja,
da tsohuwar Fijo da ba ta tashi sai an tura,
da akwatin fata mai gurbi goma sha biyu:
goma sha ɗaya da agogo, ɗaya babu kowa.

Daren sadakar uku na buɗe shi.
Huɗu sun riga sun yi shiru,
na biyar yana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa.
Kafin bakwai, goma sun tsaya,
wani biyu da kwata, wani tara saura,
kamar sun kasa daidaita baki kan sa'ar rasuwa.
Ɗaya tak ya ƙi makoki, yana ta bugawa.

Na kai su Sabon Gari, wurin Jazuli,
mai tabarau ɗaya maƙale a ido,
teburinsa bai fi faifai biyu ba.
Na ce, "Batir ne ya ƙare."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Yaro, waɗannan ba batir suke ci ba.
Wasu wani suke so, wasu motsin hannu.
Kawunka bayan asuba yake bin su ɗaya-ɗaya,
kamar mai zagaya dangi yana gaisawa."

Ya kwance bayan wani ɗan Suwizalan.
Na leƙa: gari ne guda a cikin kwabo,
ƙafafu masu haƙora suna cizon juna,
wata 'yar waya siririya kamar gashin jariri
tana shaƙa, tana fitarwa.
"Ka ga jajayen ɗigon nan? Duwatsu ne, ashirin da ɗaya.
Ba don ado ba, wa zai gan su a nan?
Don kada ƙarfe ya ci ƙarfe wajen juyawa."

Ya goga ƙusa a gilashin, ban ga ko zane ba.
Ya nuna mini mai shiga ruwa gaba ɗari,
alhali Kawu ko Tiga bai taɓa tsoma ƙafa ba.
Ya nuna mai faɗin lokacin gari biyu,
wanda yake ɗaurawa in Binta ta kira daga Jidda.
"Dubi hannun daƙiƙa.
Na ƙwarai sulalewa yake kamar man gyaɗa,
ba ya tsalle, ba ya firgitarwa."

Sai na miƙa mai rai ɗin, ina taƙama.
Ya auna shi a tafi, bai ko buɗe ba.
"Jabu ne. Ji shi, sakayau kamar ɓawon gyaɗa.
Shi ya fara saya, yana ɗan dako a Kantin Kwari,
ladan wata huɗu, zinaren ya koɗe a damina ɗaya.
Ya sani sarai.
Duk shekara biyu yakan kawo shi in sa batir,
ya ce, 'Wannan ne malamina, Jazuli,
ba a jefar da malami don an iya karantawa.'"

Na taɓa gurbin da babu kowa.
Jazuli ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
"Mai hoton wata ne. Yana cika, yana ragewa,
ko da yake Kawunka bai taɓa ɗaukar azumi da shi ba,
sai an gani da ido.
Ni na kai shi wurin mai saye.
Wace shekara ka shiga jami'a?"
Na faɗa. Ya ce, "To." Ya koma ga aikinsa.

Magada sun ce a yi musu kuɗi, an yi.
Ni na roƙi jabun, babu wanda ya yi jayayya.
Yana hannuna yanzu, a cunkoson Ƙofar Mata,
yana tsallensa, yana gaba da minti uku.
Na san inda ake gyarawa.
Ban gyara ba.