Ruwan Daro

Ni ce Atara, baiwar gidan Elyakim mai sayar da man zaitun,
a saman tudu, inda ake hango rufin Haikali.
Ba wanda ya rubuta sunana, ban kuwa ce a rubuta ba.
Aikina tulu ne, da tsintsiya, da ƙafafun baƙi.

A makon nan Urushalima ta cika ta batse,
kukan 'yan raguna ya hana kowa runtsawa.
Ran da ya shigo bisa ɗan jaki ban je ba,
ina tankaɗe, sowar kawai ta tsallako katanga.
Da yamma na tarar da ganyen dabino an tattake,
awaki har sun fara ci.
Na ce, yabon mutane ke nan:
da hantsi tuta, da almuru harawa.

Washegari kurciya ta faɗo tsakar gida
da guntun zare a ƙafa.
Aka ce Malamin nan na Galili ya kifar da tebura,
kejuna sun buɗe.
Na ɓoye ta bayan randa, na watsa mata tsaba.

Uwargida ta ce a fitar da yisti kaf kafin Idi.
Muka bi lungu-lungu da fitila,
ƙarƙashin akushi, bakin murhu, tsagar bango.
Wanda ke kumbura a ƙirjina shekara da shekaru,
ƙiyayyar duk wanda ya taɓa miƙo mini ƙafa bai dube ni ba,
shi fitila ba ta kai gare shi ba.

Daren nan na hau bene da daro da tawul,
gwiwata ta riga ta san inda za ta durƙusa.
Sai ya tashi daga wurin cin abinci.
Ya karɓa.
Daga hannuna ya karɓa, hannun da ya yi kanta,
ya dube ni kamar mai sallamar ɗan dako ya huta.
Har yanzu da sauran ƙanshin nardi a gashinsa.

Na laɓe bakin matakala ina ƙirgawa, don ƙirga na iya.
Ƙafa ashirin da huɗu.
Masu faso, masu kirci, ɗaya farcenta ya fita.
Wani babba ya janye tasa, sannan ya miƙa har da kai.
Biyu daga ciki ba su jima ba suka bi ta gabana,
suka sauka da sauri, duhu ya haɗiye su.
Su ma ya wanke.
Bai gaggauta a kansu ba, na gani da idona.

Suka yi waƙa, suka fita.
Aka bar ni da ɓarɓashin gurasa, da ƙoƙo guda,
da daro cike da ƙurar Yariko da ta Betanya.
Kullum kwata nake zubarwa.
Ranar na tsaya riƙe da shi har kafaɗa ta gaji,
sannan na juye a gindin rumman.

Tsakar dare na hangi jiniyoyi suna tsallaka Kidron.
Zakaran maƙwabta ya yi cara, ban san abin da ya ƙirga ba.
Gari na wayewa na ji ana jan gungume bisa duwatsun hanya,
tawul kuwa na kan igiya, bai ko bushe ba.

Yanzu na tsufa, na san abin da ya biyo bayan Asabar,
na san kabarin bai riƙe shi ba.
Amma in an tambaye ni yaushe na gaskata,
ba na cewa Lahadi.
Ƙafata ba ta shiga daron nan ba, ya Ubangiji Yesu,
aikina kawai ka karɓa, ka ɗaura a gindinka,
kafin ka ɗauki wanda ya fi shi nauyi.

Kurciyar, na kwance mata zaren ran Jumma'a da la'asar.
Ba a sake bukatar jininta ba.