Teburin Dare a Kolambo

Sha ɗaya saura kwata.
Ruwan sama na dukan tagar ofis,
shayina ya huce tun magariba.
Can ƙasa injin buga jarida na jira,
bakinsa buɗe, bai san kunya ba.

Sanjiwa ya dawo daga tashar Pettah,
ƙurar siminti fal gashin kansa.
Ya zube hotuna uku a gabana,
ya ce, "Tilini, ki zaɓa,
ni idona ya gaji da gani."

Na farko ba shi ya ɗauka ba.
Su suka aiko, tun kafin ƙarar ta tashi:
saurayi ya taje gashi, yana murmushi,
kamar mai zuwa neman aiki.
Ya san za mu so fuskar.
Da mu ya yi lissafi
ranar da yake ɗaura wayoyin a ƙirji.
In na ba shi shafin farko
na zama sanƙiransa ke nan, ba ko sisi,
na ƙarasa masa aikin da ya bari.

Na biyu mace ce a kwance,
sarinta ya yaye har gwiwa,
furannin da take sayarwa warwatse a kwata.
Selbarani sunanta, in ji 'yan tasha.
Ɗanta yana jirgin ƙasa daga Jaffna,
ba wanda ya gaya masa tukuna.
Da asuba zai sauka, ya miƙa kuɗin jarida.
A hannuna zai ga gwiwar uwarsa?

Waya ta yi ƙara. Mai gidan jaridar ne.
"Maƙwabtanmu sun ce arba'in."
Na ce asibiti sun ƙirga sha bakwai.
"Gobe za su kai."
Na ce to goben ma rubuta.
Gawa ba buhun shinkafa ba ce
da za a zagaye lissafi don ya yi daɗin faɗi.

Ya ce a sa unguwar yaron, da addininsa.
Na tuna telan da ke layin,
Imtiyaz, mai ɗinka wa 'yata kayan makaranta,
da gilashin shagonsa, da duwatsun bakin hanya.
Magana zarar bunu ce.
Amma ɓoyewa ma ƙarya ce mai lulluɓi,
na san wannan, yana cina.
Na sa sunan sau ɗaya, a shafi na huɗu,
ba hoto, ba lambar gida.

Sai wata wayar, murya mai laushi, daga ma'aikata:
don zaman lafiya, a bar zancen takardar nan,
gargaɗin da ya kwana tara a aljihun tebur
ba wanda ya buɗe.
Wannan kam na buga shi da manyan baƙaƙe.
Ba kowane shiru ne tausayi ba,
wani shirun rigar masu laifi ne.

Hoto na uku: layin mutane a ƙofar asibiti,
cikin ruwa, hannayen riga a naɗe,
sun zo ba da jini.
Direba, malamar makaranta, wani mai rawani,
wani sufi cikin mayafi ruwan goro.
Shi na ɗora a gaba.
Ƙarƙashinsa sunaye goma sha ɗaya,
waɗanda aka riga aka sanar da danginsu.
Shida na bar musu farin fili.

Ko na yi daidai?
Sanjiwa ya ce na tsabtace abin da yawa,
wanda bai ga jini ba ba zai fusata ba,
wanda bai fusata ba ba zai tambaya ba.
Ban da amsar da zan ba shi.

Biyu da rabi injin ya tashi,
bene na rawa ƙarƙashin ƙafata.
Jibi da wannan shafin za a ƙunshe soyayyen kifi
a bakin teku.
Na sa hoton Selbarani a ambulan,
na rufe,
na rasa sunan da zan rubuta a bayansa.